Taken Ɗan Ubale

Kalangun yana ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon zane, kuma Mastura ce ta cusa shi can ƙurya ranar da suka tare a ɗakinsu na unguwar Ruwais a Jidda. Ba ƙin kiɗa take yi ba. Ai da kiɗan ne mijinta Rafi'u ya same ta tun a Wad Madani ta Sudan, lokacin yana bin mahaifinsa Ubale kasuwar mahauta, ita kuma tana kai wa yayanta abinci. Amma Jidda ba Madani ba ce. A nan iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ce shi ɗan dako ne a siton Abdulghaffar, kafilin da ya tsaya masa a wurin hukuma, mai shigo da shinkafa da sukari, kuma Mastura ta fi son duniya ta tsaya a kan abin da iƙamar ta faɗa.

Dalilinta Luba ce, 'yarsu ɗaya, mai shekara uku, wadda tarin fuka ya kama tun tana koyon tafiya. Sunan yarinyar a jikin iƙamar ubanta yake, da ita ake karɓarta a asibiti a yi mata allura a ba ta ƙwayoyi. Likita ya gaya wa Mastura, yana kallon idonta, cewa maganin nan ba a yanke shi a tsakiya. In aka yanke, ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na farko. A Madani kuwa ba su bar kowa ba sai kaburbura, da wata gwaggo da ita ma ciyar da ita ake yi.

Wata rana bayan la'asar, a shekarun da kaset ya fara cika shagunan gari, Rafi'u ya shigo da baƙo. Mahmud ne, ɗan Abdulghaffar, wanda ya yi karatu a Beirut ya dawo da gashi har wuya da wando mai faɗin ƙafa kamar buhu. Ya zauna a tabarma yana ta neman inda zai sa dogayen ƙafafunsa. Mastura ta tura musu shayi ta ƙasan labule, ta zauna daga ciki da Luba a cinya. Larabcinta na Sudan ya ishe ta jin duk abin da ake faɗa.

"Na kama shi ne a sito," in ji Mahmud, yana ɗaga murya don matar gida ta ji. "Yana buga gwangwanin mai da yatsu, leburori duk sun ajiye kaya suna gyaɗa kai. Babana ya yi asarar rabin yini, ni kuma na yi tsintuwa."

Ya ce su wasu samari ne da suke taruwa a wani gidan shayi a unguwar Bagdadiyya suna rubuta waƙa. Waƙarsu ba irin ta dattawa ba ce. Sun watsar da amsa-amo, sun watsar da ma'auni, sun gaji da yabon raƙumi da kukan kufai. Su dai abin da ido ya gani a titi shi suke faɗa. Sai dai da suka cire mata waɗannan ƙasusuwa, waƙar ta kasa tsayuwa, duk wanda ya ji sai ya ce hira ce kawai.

"A can ƙetaren teku wasu sun riga mu," ya ce. "Samari irinmu, sun ƙi aikin ofis, sun ƙi waƙar makaranta. Ka san abin da ya tallafi tasu waƙar? Kiɗan baƙar fata. Mutum ya tsaya yana karantawa, makaɗi na bi masa a baya. Daga baya masu waƙar rediyo suka kwashi salon, har yau shi matasa suke rawa da shi. To asalin kiɗan nan naku ne, ya Rafi'u. Mu me zai sa mu aro daga nesa, alhali ga ka a siton babana kana ɗaukar shinkafa?"

Rafi'u ya yi dariya, irin wadda Mastura ta daɗe ba ta ji ba.

Daga bayan labule ta ce, "Su waɗancan makaɗan, suna da kafili?"

Mahmud ya ƙyalƙyale har shayi ya sarƙe shi. "Wallahi Ummu Luba ta fi mu iya waƙa. Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Ba mai sa suna a kaset ɗin da za mu ɗauka. Mu kanmu ba za mu faɗi namu ba. Murya ce da ganga, khalas, shi ke nan."

Bayan ya tafi ta ɗage labulen. Rafi'u ya riga ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin gado.

"Baban Luba, ka ce masa a'a."

"In ce wa ɗan mai gida a'a? Gobe da wane ido zan shiga siton?"

"Da idon da kake shiga kullum. Shi in abu ya ɓaci ubansa zai ja masa kunne. Kai wa zai ja maka kunne ya bar ka?"

Ya jawo ƙunshin, ya warware zanen, ya shafa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da yatsa. Fatar ta ɗan saki saboda gumin teku. Ya ce a hankali, ba tare da ya dube ta ba, "Mastura, wani lokaci in ina ɗauke da buhu sai in ji yatsuna suna motsi da kansu. Kamar na wani ne aka ɗinka mini."

Ta san ba za ta ci wannan ba, sai ta nemi abin da za ta iya ci. Ta sa shi ya yi mata alkawari: ba zai buɗe baki ba, ba kirari, ba guɗa, ba zai bari a kira sunansa ba ko da wasa.

"Ko tari ba zan yi ba," ya ce.

Aka ɗauki kaset ɗin ranar wata Juma'a da rana, a bayan siton da ke Khumra, lokacin leburori sun watse. Ya dawo da magariba fuskarsa na sheƙi, ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya ɗaga Luba sama yana juyi da ita sai da tarin ya taso mata. Kalangun ya koma ƙarƙashin gado. Mastura ta yi kwanaki tana kasa kunne, da ba ta ji komai ba sai ta fara sakin jiki.

Tana dawowa daga asibiti ne wata safiya, Luba a goye, ta bi ta layin teloli don ta guje wa rana. Daga shagon Othman tela wani kaset yake tashi. Kafin kowace murya ta shigo, kalangu ne shi kaɗai, a sarari, yana magana yadda kalangu yake yi wa duk wanda aka raina da Hausa:

Ɗan Ubale ya iso,
jikan Na'ibi mai farar tsirkiya,
a gyara wuƙa, a ba shi hanya.

Sau biyu ya faɗa. Sannan wata muryar Balaraben saurayi ta hau kai, kiɗan ya sauya ya bi ta.

Mastura ta tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai kura ya yi mata tsawa. Othman ya leƙo. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa ne suka zo aikin hajji suka zauna, Hausar bakinsa duk ta karye, in ya fara jimla da ita da Larabci yake ƙarasawa. Amma kunnensa bai karye ba.

"Ya Ummu Luba, mai gida naki ne wannan, sah, ko ba haka ba? Ma sha Allah alaihi. Uwata ta ji jiya, ta yi kuka, ta ce tun tana ƙarama ba ta ji ba."

"A ina ka samo shi?"

"Kowa yana da shi. Direbobi suna kwafa. Har Makka ya tafi."

Ba ta san yadda ta isa gida ba. Ta kwantar da Luba, ta ɗora tukunya, ta sauke ba ta zuba komai ba. Ta yi tunanin ɗaukar kalangun ta jefa a teku, ga shi nan kusa, sai ta ga wautar abin. Wanda yake magana yanzu ba a ƙarƙashin gadonta yake ba.

Da Rafi'u ya shigo ba ta bari ya cire takalmi ba.

"Ka yi mini alkawari ba suna."

"Ban faɗa ba. Ki tambayi Mahmud, bakina a rufe har muka tashi."

"Ɗan Ubale ya iso," ta ce, tana buga kalmomin ɗaya ɗaya. "Jikan Na'ibi. Saura kawai ka kaɗa musu lambar ɗakinmu."

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. "Wannan ai take ne. Buɗe kiɗa ne. Ta yaya zan sa hannu a kalangun mahaifina ban gaishe shi ba? Tun ina yaro ban taɓa fara kiɗa ba tare da shi ba, hannun ma ba zai tashi ba. Kuma Larabawa ne, Mastura. Su ƙara kawai suke ji."

"Jidda Larabawa ne kaɗai a cikinta?"

Ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Can ya ce, "Mutanenmu ba za su faɗa ba."

Da waƙoƙin na soyayya ne, da wataƙila maganarsa ta tabbata. Amma samarin abin da ido ya gani suka faɗa: 'yan kasuwar da suke ɓoye shinkafa a sito har farashi ya hau, da manyan da suke shiga sahun gaba a masallaci da haƙƙin lebura a aljihu, da wasu abubuwan da ko a cikin ɗaki ba a faɗa da ƙarfi. Ba a jima ba aka fara kwashe kaset ɗin daga shaguna. Aka ce ana neman waɗanda suka yi shi. Muryoyin samarin kuwa, abin mamaki, duk Bagdadiyya aka rasa wanda ya gane su.

Mastura ta yafa mayafi ta tafi wurin Baba Bawa. Tsohon mahauci ne, ya san Ubale tun suna samari, kuma shi hukuma take nema duk lokacin da wata magana ta taso a kan Hausawan unguwar. Ta same shi a ƙofar gida yana wasa wuƙar da ya daina aiki da ita. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi jikin Luba.

"Baba, zuwa na yi in roƙe ka."

"Na san abin da ya kawo ki, 'yata. Mutanen hukuma sun riga ki zuwa."

Ta matso kusa.

"Sun kunna mini kaset ɗin. Na ce musu na tsufa, kunnena ya yi nauyi, su ba ni lokaci in tambaya." Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa. "Wallahi da na ji taken nan sai da na ga Ubale a gabana, da jar hularsa. Yaron ya gaji hannun. Sakarai, ya gaji hannun sarai."

"To ka bar su a kan nauyin kunnen, Baba. Luba ba ta gama magani ba."

"Sun san namu ne. Wani ya gaya musu gangar nan magana take yi, ban san ko waye ba, ba na kuma son in sani. Sun ce in ban kawo suna ba, za su shigo unguwa gida gida su nema da kansu, kowa ya fito da iƙamarsa." Ya ɗago ya dube ta. "Ke kin san layinku. Jamilatu mai wanki tana da takarda? Maƙwabcinku mai 'ya'ya shida fa? Tsofaffin da suka zo hajji tun kafin a haife ki, suka zauna jiran mutuwa kusa da Ɗakin Allah, su fa?"

Mastura ta san su duka. Jamilatu ce take riƙe mata Luba in za ta kasuwa.

"Ni ba zan iya ce miki ki yi haƙuri ba," in ji tsohon. "Ba ni da bakin. Abin da zan iya shi ne in ja ƙafa har bayan Juma'a. Ki je gidan kafilinsa. Ɗansu ne ya jawo, ko da kunya za su ji."

Gidan Abdulghaffar dogo ne, mai tagogin katako, kuma ta ƙofar baya ta shiga. A matakala ta yi kiciɓis da Mahmud, da ƙyar ta gane shi. An aske gashin tas, an sa shi cikin farar riga, ya koma yaro ƙarami.

"Ummu Luba." Ya rasa inda zai sa idonsa. "Wallahi ban san gangar tana faɗar suna ba. Da na sani da na yanke wurin. Ni na ɗauka share fage ne, har na ce masa wurin ya fi ko'ina daɗi."

"Yanzu ka sani. Ka je ka ce kai ka kira shi."

"Zan yi magana da babana. Jibi za a tura ni Alƙahira, amma kafin nan zan..."

"Mahmud," wata murya ta kira daga sama, ba da ƙarfi ba. Ya haɗiye sauran maganar ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Zakiya, uwarsa, tana zaune a kan shimfiɗa tana tsince ganyen na'ana'a. Ba muguwar mace ba ce. Ita ce ta taɓa aiko wa Luba da bargo. Ta sa aka kawo wa Mastura ruwan sanyi, ta bar ta ta faɗi duk abin da ta zo da shi ba ta katse ta ba.

"Kin gama? To ji nawa. Mijinki ba zai zauna ba, wannan ya fi ƙarfin mijina Abu Mahmud. In ya tsaya masa, za a tambaya me ya sa, daga nan a iso kan ɗana. Ke uwa ce, ba sai na yi miki bayani ba." Ta ture ganyen gefe. "Amma ina neman mai wanki. Abu Mahmud zai iya mayar da ke da yarinyar ƙarƙashin sunansa, a matsayin mai aikin gida. Asibitinta ba zai tsaya ba. Akwai ɗaki a saman bene."

"Shi kuma fa, Sitti?"

"Za a tambaye shi su waye samarin. Ya ce wasu baƙi ne suka tare shi a bakin tasha, bai san su ba, ba zai gane su ba. In ya tsaya a kan haka, jirgin ruwa ne kawai zuwa Bur Sudan, ba abin da ya fi haka. In ya ambaci wani suna, to ni ban taɓa ganinki ba."

Mastura ta dubi kofin da ke hannunta. Ta yi tunanin Madani, da gwaggon nan, da yadda ƙirjin Luba yake kuka in sanyin asuba ya shigo. Ta yi ƙoƙarin tuno fuskar Rafi'u ranar da ya dawo daga Khumra, sai fuskar likita take ta shigowa gaba.

"Yaushe zan fara?" ta ce.

Ta same shi a gida, don tun shekaranjiya aka ce ya daina zuwa sito. Yana ba Luba kunu da cokali, yana yi mata wasan jirgi. Mastura ta jira har yarinyar ta ƙoshi ta koma wasa da murfin tukunya, sannan ta zauna ta gaya masa komai, yadda aka faɗa mata, ba ta rage ba ta ƙara ba.

Ya daɗe yana juya cokalin a kwano.

"Wato in ce ban san Mahmud ba, yaron da na ɗauka a kafaɗa na kai shi kallon jirage."

"Haka za ka ce."

"In tafi ni kaɗai."

"Eh."

"To bari mu yi shawara, mu ga abin da za ki ce mata."

"Na riga na ce mata to, Baban Luba."

Ya ɗago. Ta yi zaton zai yi faɗa, har ta so ya yi, ko ta samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya dubi Luba, wadda ta kifa murfin a kanta tana leƙensu ta ƙasa, ya ce, "Da ni ne ke, da haka zan yi." Daga nan bai sake ce mata komai ba sai abin da ya zama dole: inda ya ajiye katin asibiti, da wanda za ta mayar wa tabarmar aro.

Bayan Juma'a suka zo, mutum biyu, da Baba Bawa a bayansu yana kallon ƙasa. Rafi'u ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya maimaita duk lokacin da aka sake tambaya. Ranar da jirginsu zai tashi ba a bar kowa ya matsa kusa ba, kuma ranar ce Zakiya ta ce a fara wankin labulayen gidan gaba ɗaya, saboda baƙin da za su zo.

Ɗakin saman benen ƙarami ne, rana tana dukansa tun safe, ga tankin ruwa a jikin bangonsa. Mastura ta share shi, ta toshe ramin ɓera da tsumma, ta shimfiɗa wa Luba a gefen da iska take shigowa. Yarinyar ta zagaya ɗakin tana taɓa bango, ta leƙa bayan ƙofa, ta dawo ta tsaya a gaban uwarta.

"Umma, Baba ya san hanyar nan?"

"Buɗe baki," in ji Mastura, ta ɗora mata ƙwayar a harshe ta bi da ruwa. Ta jira har ta ga maƙogwaron ya motsa, ta sa ta buɗe ta duba. Daga ƙasa ana kiranta. Ta ɗaura ɗankwali, ta ja ƙofar ta bar 'yar kafa, ta sauka.